Man Matsi na Kemis da Lafiyar Gaban Mace: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



 Batun da zan taɓo mata kan ji nauyin faɗarsa, to amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A aikina na ma'aikatar lafiya, tambayar da aka fi yi mini ita ce: man nan mai yauƙi da ake saye a kemis ba da takardar likita ba, yana maganin sanyi kuwa?

Mu fara da darasin Bayoloji. A gaban mace akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani, wato Laktobasilus, waɗanda likitan Jamus Albert Döderlein ya bayyana a 1892. Su ke samar da tsamin da ke riƙe wurin a ma'aunin pH 3.8 zuwa 4.5, kuma tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Jinin haila da maniyyi kan rage shi na ɗan lokaci. Kurkure ciki da sabulu ko ruwan magani, da matsin kayan mata barkatai, su ke korar masu gadin. Daga nan sai ruwa tsinkakke mai ƙarnin kifi ya biyo baya.

Yawancin man matsin nan tsamin laktik ne a ciki. Yana iya rage wari, amma bai kai maganin asibiti ba. A wani bincike da aka yi a Ingila, wanda aka fitar a 2022, mata kashi 70 cikin 100 sun sami sauƙi cikin mako biyu da ƙwayar metronidazole, masu man kuwa kashi 47. Haka kuma ba ya kashe cutar ƙaiƙayi mai fitar da farin ruwa kamar kindirmo, balle cutar da ake ɗauka wajen saduwa. Duk "sanyi" muke ce musu, alhali kowacce da maganinta.

Don haka, 'yan'uwa, a wanke waje kawai da ruwa mai tsabta, ciki yana wanke kansa. In za a sayi man, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa. Mai juna biyu kada ta yi wa kanta magani, domin wannan larura tana da alaƙa da haihuwar bakwaini. Wadda ta ga jini, ko zazzaɓi, ko ciwon mara, asibiti za ta nufa. In abin yana dawowa, a je da maigida, don binciken Ostareliya na 2025 ya nuna yi wa miji magani yana rage dawowarsa.

Ina roƙon kowaccenmu ta isar da wannan ga ƙannenta da 'ya'yanta.