Ciwon Ƙeya da Na'urar Kwantar da Jijiya



Akwai ciwon kai da ba zazzaɓi ke kawo shi ba, ba kuma hawan jini ba. A ƙeya yake zama. Mutum ya yi tari, ko atishawa, ko ya yunƙura ɗaukar kaya, sai ya ji kamar an buga masa guduma, ya dafe kai, bayan 'yan mintuna ya lafa. Sau da yawa asalinsa halitta ce: gindin ƙaramar ƙwaƙwalwa ya zarce ƙasa da milimita 5 ko fiye, ya shiga ramin da laka ke bi ta fita daga ƙoƙon kai, ya matse hanyar ruwan da ke zagaya ƙwaƙwalwa. Likitan Austiriya Hans Chiari ne ya bayyana lalurar a 1891, shi ya sa ake kiranta da sunansa. Hoton MRI ke tabbatar da ita.

Maganin da aka saba tiyata ce: a cire ɗan ƙashi a ƙeya, a buɗa wa ƙwaƙwalwa wuri. Da yawa suna samun sauƙi. To, wanda aka yi masa aiki, hoto ya nuna hanya ta buɗe, amma kai bai daina ciwo ba fa?

Nan ake maganar na'ura. A ƙarƙashin fatar ƙeya akwai jijiyoyin da suka taso daga saman wuya. Likita yakan shimfiɗa siririyar waya a kansu, ya haɗa ta da batir da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji ko kwankwaso. Wuta 'yar kaɗan ke bi, majiyyaci ya riƙa jin ɗan zirr a ƙeya. Hikimar ta samo tushe daga bayanin masana Melzack da Wall na 1965, cewa saƙon taɓi yana iya tare wa saƙon zafi hanya, kuma masana Weiner da Reed suka ba da rahoton amfani da ita a jijiyar ƙeya a 1999. Ana fara gwaji na 'yan kwanaki da batir a waje. In ciwon bai ragu sosai ba, a zare wayar.

Amma ku ji ni da kyau. Na'urar ba ta mayar da ƙwaƙwalwa mazauninta, zafi kawai take ragewa. Wayar na iya gocewa, saboda wuya ba ya zama wuri ɗaya. Wurin na iya harbuwa. Batir na ƙarewa. Binciken da aka yi kan masu Chiari kuma na mutane ƙalilan ne. A ganina, wanda ya saka na'urar bai duba ko ruwa ya taru a laka ba, ya rufe bakin ciwo ne ya bar cuta tana ci.

Ɗalibaina, in majiyyaci ya ce muku tari na tayar masa da ciwon ƙeya, kada ku sallame shi da farasitamol. Ku tura shi hoto.