Arzikin Mai da Makomar Manomi: Darasi daga Indonesiya da Nijeriya



Tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu, daga wajen dala 3 zuwa wajen dala 12 kowace ganga. Nijeriya da Indonesiya suka wayi gari cikin dukiya. Kowaccensu tana da ɗimbin jama'a, galibi manoma, kuma hafsoshin soja ke riƙe da ragamar mulki. Amma daga nan hanyarsu ta rabu.

Masana tattalin arziki sun san wata cuta mai bin irin wannan arziki. In kuɗin waje suka kwararo, darajar kuɗin gida takan hau, kayan ƙetare su yi araha, amfanin gonar gida ya rasa mai saye da daraja. Haka ta auku a Nijeriya. Shinkafa da alkamar ƙetare suka cika kasuwanni, samari suka ajiye garma suka nufi birane, fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka ƙarasa dalar gyaɗa ta Kano. Gwamnati ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, amma da yake an bar naira da tsada, manomi bai ga ribar guminsa ba.

Ita kuwa Indonesiya sai ta karkatar da kaso mai tsoka zuwa karkara: magudanan ban ruwa, rangwamen taki, ingantaccen irin shinkafa, da makarantun firamare fiye da 60,000. Hukumar Bulog ta tsayar wa manomi farashin da shinkafarsa ba za ta faɗi ƙasa da shi ba. An kuma rage darajar rupiya a 1978 da 1983 da 1986, don kayan gida su samu shiga. Ƙasar da ke sahun gaba wajen sayo shinkafa ta wadatar da kanta a 1984. Da farashin mai ya rushe a 1986, tana da madogara, alhali Nijeriya ta shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP hannu rabbana.

Sai dai Indonesiya ma ba ta tsira ba. Son kai na dangin masu mulki da basussukan waje masu gajeren wa'adi sun kayar da ita a rikicin 1997. A 1998 arzikinta ya ragu da kimanin kashi 13 cikin ɗari, Shugaba Suharto ya sauka, aka yi shekaru kafin ta murmure.

Abin lura shi ne, rijiyar mai ba ta raya ƙasa da kanta. Abin da ke raya ta shi ne inda aka zuba ribar, da farashin da manomi ke samu a bakin gonarsa, da gaskiyar masu riƙon baitulmali. Allah ya sa masu tsara manufofi su yi tanadi tun damina, kafin rani ya shigo.