Jawabi a Kan Dokar Sanarwa Cikin Jarida da Intanet a Jihar Fulorida

Hakimai da malaman ofisoshinsu sun san cewa ba a zartar wa mutum hukunci a kan gonarsa ko gidansa sai an yi masa shela tukuna. Inda jama'a ta yi yawa har muryar sankira ba ta game gari, jarida ce ta gaje shi. Yanzu kuwa intanet ta zo tana neman gadon jarida, shi ya sa ya kyautu a ji yadda aka yi da wannan al'amari a Jihar Fulorida ta ƙasar Amurka.

Bisa dokar can, in za a yi gwanjon gidan wanda ya kasa biyan bashin jingina, wajibi ne a yi sanarwa mako biyu a jere kafin ranar gwanjo. Haka kuma a ke sanar da canjin dokar gari da neman 'yan kwangila. A da, cikin jarida kaɗai a ke bugawa. Bayan an buga, ma'aikacin gidan jaridar ya kan sa hannu a takardar rantsuwa cewa lalle an buga a rana kaza. Wannan takarda ita ce ginshiƙin al'amarin duka, domin shaida ce daga wanda ba shi da hannu cikin shari'ar, kuma abin da tawada ta riga ta hau ba ya sākuwa. Ko bayan shekara ashirin alƙali ya nema, sai a ɗauko masa.

Amma masu sayen jarida suna ta raguwa. Saboda haka a shekarar 2012 Majalisar Jihar ta yi doka cewa duk jaridar da ta buga sanarwa a takarda, ta sa ta kuma a shafinta na intanet, ba tare da ƙarin kuɗi ba, ta kuma aika da ita babban shafi guda wanda Ƙungiyar 'Yan Jaridun Jihar ke riƙe da shi. Watau aka haɗa biyun, kowa ya samu ta hanyar da ya iya.

Shekara goma bayan haka aka sake lale. A 2022 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu a wata doka, ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2023. Ta ba hukumomi izinin su sa sanarwa a shafin intanet na gundumarsu, su bar jarida ɗungum, muddin yin hakan ya fi araha. Jihar tana da gunduma 67. Wadda mutanenta ba su kai 160,000 ba, sai ta tara jama'a a fili, ta tabbatar cewa suna samun intanet yadda ya wadatar, sa'an nan ta bi wannan hanya. Har ila yau, hukumar da ta bar jarida dole ta sanar da mutane, aƙalla sau ɗaya a shekara, cewa wanda ya ba da sunansa za a riƙa aika masa da sanarwa ta gidan waya ko ta wasiƙar intanet.

Masu goyon bayan dokar suka ce kuɗin talakawa ne a ke tsimi. Masu jarida suka ce ba a ba kura ajiyar nama. Ko da ya ke kowa ya san suna kāre abincinsu ne, maganarsu tana da ƙanshin gaskiya. Hukumar da ke son a zartar da abu, in ita ce mai sa sanarwa, ita ce mai ajiye ta, ita ce kuma mai shaidar an sa, to wanda ya zo daga baya ya ce bai gani ba, wa zai kira? Tsarin 2012 ya fi tsare haƙƙin talaka.

Ita ma jaridar ba ta taɓa wadatarwa ita kaɗai ba. Tun 1950 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke, cikin shari'ar Mullane, cewa mutumin da aka san sunansa da mazauninsa ba ya isa a buga masa sanarwa a jarida, sai an aika masa da takarda.