Riƙewa ko Sayarwa: Riɗin Gadarif da Hannun Jarin Nvidia



Duk wanda ya zauna a Fau, hedkwatar aikin noman Rahad, ya kuma ga yadda manomin gyaɗa ko riɗi yake tsayawa bayan kaka a gaban buhunansa, yana shawarar ko ya kai su kasuwar amfanin gona ta Gadarif ko ya dakata farashi ya ɗaga, to ya riga ya fahimci mas'alar masu hannun jari a Nvidia, kamfanin Amurka mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ran 27 ga Janairun 2025, da labarin DeepSeek, kamfanin fasahar AI na ƙasar Sin, ya bazu, darajar jarinsa ta faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari a yini guda. Masu firgita suka sayar, masu haƙuri kuwa suka ga kamfanin ya kai dala tiriliyan 4 a watan Yuli.

Amma a ganina, haƙurin nan sai mai wadata. Manomin da ya ci bashin shel tun damina, ya sayar da amfaninsa da araha tun bai girbe ba, ba shi da zaɓi, haka kuma wanda ya sayi jari da kuɗin aro. Wanda babu bashi a wuyansa, tunda fam ɗin Sudan sai lalacewa yake yi tun yaƙin 2023, riƙe riɗi ya fi masa maslaha, muddin ya fitar da zakka. Dawa kuwa hukuncinta daban, domin ɓoye ta a lokacin da Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Madani, shi ne ihtikarin da malaman fiƙihu suka hana.