Tarihin Wa Ya Kamata A Rubuta?

Wanda ya iya karatu da rubutu yana iya rubuta tarihin wani. To, na wa?

Da yawa za su ce na Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Madalla. Amma babu mai rai da ya gan shi. Sai an tona littattafai, wasu ma da Larabci. Wannan ya yi wa sabon hannu nauyi.

Ku duba kusa. Jirgin ƙasa ya daɗe da isowa Gusau. A Sabon Gari akwai tsofaffin da suka yi aikin reluwe da dakon gyaɗa da auduga. A Tsafe da Bunguɗu akwai ungozomomi da maƙera da masaƙa. In suka rasu ba a rubuta ba, labarinsu ya bi su kabari.

Kada a raina talaka. Baba ta Karo tsohuwa ce a ƙasar Zazzau, ba ta da sarauta. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita, ta rubuta rayuwarta. Littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'i.

A zaɓi wanda za a iya zuwa gidansa a ƙafa, wanda kuma ya yarda da bakinsa. A nemi sa'o'insa biyu ko uku, domin tsoho yakan manta shekara. Mai son yabo kawai, a bar wa maroƙa shi. Ɗalibai mata kuwa su nufi tsofaffin mata, don mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta.