Annabi Shamwilu da Jarrabawar Kogi

 Ya ku ƴan'uwa masu saurare, na Dogon Dutsi da Matankari, na Tibiri da Kore Mai Ruwa, da sauran garuruwan Arewa, karatunmu na yau yana cikin Suratul Baƙara, daga aya ta 246 zuwa ta 251.

Allah Ya ba mu labarin wani Annabi daga Bani Isra'ila, bayan zamanin Annabi Musa, bai ambaci sunansa ba. Mafi yawan masu tafsiri sun ce shi ne Shamwilu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A zamaninsa abokan gaba sun rinjayi mutanensa, sun raba su da gidajensu da ƴaƴansu. Sai manyansu suka zo suka roƙe shi ya naɗa musu sarki su yi yaƙi saboda Allah. Annabin ya san halin mutanensa, ya tambaye su ko ba za su noƙe ba idan an wajabta musu. Suka tabbatar masa babu abin da zai hana su.

Da ya sanar da su cewa Allah Ya zaɓi Ɗalutu, nan take gardama ta tashi. Suka ce ba ɗan gidan sarauta ba ne, kuma ba shi da dukiya. Annabin ya amsa musu cewa Allah Ya fifita shi da ilimi da ƙarfin jiki, kuma alamar mulkinsa ita ce dawowar akwatin Tabutu, mala'iku suna ɗauke da shi. Ku lura da wannan: sun roƙi umarni da bakinsu, da ya zo ba yadda suke so ba sai suka nemi hujja. Ɗa'ar da sai ta dace da son ranka, kanka kake bi, ba Ubangijinka ba.

Sannan Ɗalutu ya fita da runduna. Ya gaya musu Allah zai jarrabe su da wani kogi, wanda aka ruwaito daga Ibn Abbas cewa yana tsakanin Urdun da Falasɗinu. Wanda ya sha ya fita daga cikin mutanensa, wanda bai ɗanɗana ba yana tare da shi, sai dai an yi rangwame ga wanda ya kamfata sau ɗaya da tafin hannunsa.

Mu mutanen ƙasar nan ba sai an fassara mana ƙishirwa ba. Wanda ya taɓa yin azumi a tsakiyar bazara, iska mai zafi tana kaɗawa, leɓɓa sun bushe tun kafin azahar, ya san abin da ke zuciyar mai tafiya idan ya hangi ruwa. Ruwan nan kuwa ba giya ba ne, ba na sata ba ne. Halal ne tsarkakakke. Umarni kaɗai ya mayar da shi abin jarrabawa. To, suka faɗa masa suka sha, in ban da kaɗan daga cikinsu. Masu tafsiri sun ruwaito cewa wanda ya tsaya ga kamfata ɗaya ta ishe shi, wanda kuwa ya kafa baki ya sha bai ƙoshi ba. Gaskiyar magabata, kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da suka haye suka hangi Jalutu da mayaƙansa, sai aka ji masu cewa yau ba su da ƙarfin karawa da shi. Masu yaƙini da gamuwa da Allah su ne suka tsaya, suka roƙi haƙuri da tabbatar dugadugai da nasara. Bukhari ya ruwaito daga Bara'u ɗan Azib cewa sahabbai sun kasance suna faɗin adadin mutanen Badar daidai yake da na waɗanda suka haye kogi tare da Ɗalutu, mutum ɗari uku da goma sha wani abu. Badar kuwa an yi ta ne ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira. A cikin ƴan kaɗan ɗin nan Annabi Dawuda yake, kuma ta hannunsa Allah Ya kashe Jalutu.

Ya ɗan'uwa, azuminka shi ne koginka. Randa tana cikin ɗakinka, babu mai ganinka, amma ka bar ta daga alfijir zuwa faɗuwar rana don an ce ka bari. Wanda ya iya barin halal saboda umarni, me zai hana shi barin haram?

Kowa kuma da kogin da aka ajiye masa a kan hanya. Mai awon hatsi, koginka shi ne bakin tiya. Mai rumbu, naka shi ne ranar da maƙwabci zai zo rance da damina, zuciya ta raya maka ka ba da tiya ɗaya ka karɓi biyu da kaka. Wanda aka damƙa wa rabon kayan agaji, naka yana cikin buhunan da ba a ƙidaya ba. Manomi, naka shi ne iyakar gonar marayu. Makiyayi, naka shi ne gonar da ba a kwashe amfaninta ba. Saurayi, naka shi ne ƙwayar da abokai ke cewa tana ba da ƙarfin aiki. Wanda ciwo ya daɗe a gidansa, naka shi ne ƙofar boka. Shaiɗan ba ya ce maka ka sha kogi duka. Cewa yake yi: sau ɗaya ne, kowa ma yana yi. Haka rundunar Ɗalutu ta ƙare, mai yawa ya bi mai yawa.

Kada kuma wani ya ce addini ya yi tsanani. Ubangijin da Ya halatta kamfata ɗaya, Shi ne Ya yi rangwame ga mara lafiya da matafiyi su sha su rama, Ya halatta ribar ciniki Ya haramta riba ta bashi. Rangwame yana da iyaka, mai tsoron Allah kuwa a nan yake tsayawa.

Wanda ya riga ya sha, ƙofar tuba ba ta rufe ba. Ya mayar da haƙƙin mutane tun kafin Salla, ya nemi gafara a cikin darare masu zuwa.

Ya Allah, Ka zuba mana haƙuri, Ka tabbatar da mu a kan ɗa'a, Ka sanya mu cikin kaɗan ɗin da suka haye. Ka karɓi azuminmu, Ka ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu.