Daga Akwatin Zaɓe Zuwa Zauren Majalisa: Labarin Matan Kuwaiti



Batun da muka zo da shi yau shi ne zaɓen majalisa a ƙasar Kuwaiti, da rabon da mata suka samu a cikinsa. Mun zaɓi wannan ƙasa ne domin a cikin masarautun Larabawa na Tekun Fasha, ita ce ta fi daɗewa da majalisa mai haƙori. An kafa tsarin mulkinta a 1962, aka yi zaɓen farko a 1963, kuma kafin Mayun 2024 wakilai 50 da jama'a ke zaɓa suna da ikon titsiye minista da tambayoyi har su janye masa amincewarsu. Amma fa shekara 42 cur maza kaɗai ke jefa ƙuri'a.

Abin lura shi ne, fada ce ta riga majalisa yarda da 'yancin mata. A 1999 Sarki Jabir Al-Ahmad ya ba da doka cewa mata su yi zaɓe, a kuma zaɓe su. Da aka kai maganar gaban wakilai a watan Nuwamba na wannan shekara, sai suka kayar da ita da ƙuri'a 32, masu goyon baya 30. Sannu ba ta hana zuwa: ran 16 ga Mayu, 2005, majalisa ta amince da ƙuri'a 35, masu ƙi 23, kuma bayan wata guda aka naɗa Dokta Ma'asuma Al-Mubarak minista, mace ta farko a tarihin ƙasar.

To, daga nan sai aka zaci hanya ta buɗe, tun da yake mata sun fi rabin waɗanda ke cikin rajistar masu zaɓe. Amma a zaɓen 2006 da na 2008 babu mace ko ɗaya da ta ci. Sai a 2009 mata huɗu suka shiga, watau Ma'asuma Al-Mubarak, da Asil Al-Awadi, da Rola Dashti, da Salwa Al-Jassar, dukkansu masu digirin dokta. Wannan adadi na huɗu shi ne ƙoli, ba a sake kai shi ba. A Fabrairun 2012 babu mace, a 2016 ɗaya, a 2020 babu, a 2022 biyu, a 2023 da 2024 kuma Jinan Bushahri ita kaɗai a tsakanin maza 49.

Me ya kawo haka? Amsar tana wurin da ake tsayar da ɗan takara. Dokar Kuwaiti ba ta san jam'iyyun siyasa ba, saboda haka mai neman kujera ya dogara ne ga dangi, da ƙabila, da ƙungiyoyin addini, da kuma diwaniyya, watau zauren hira na maigida inda maza ke taruwa da dare. A nan ake ƙulla alkawari, a nan ake auna wanda za a mara wa baya. Ƙabilu kuma sukan yi nasu zaɓen fid da gwani tun kafin ranar zaɓe, ko da yake doka ta hana. Macen da ba ta da wurin zama a zauren da aka yanke shawara, in ta zo rumfar zaɓe sai ta tarar an riga an gama rabo.

Masarautar Jodan ta bi wata hanya daban. Matanta sun sami ƙuri'a tun 1974, amma kafin 2003 mace ɗaya tak, Tujan Faisal, ta taɓa cin zaɓen gama-gari, a 1993. Sai aka keɓe musu kujeru 6 a 2003, aka yi ta ƙarawa har suka kai 18 cikin 138, kuma a zaɓen 2024 mata 27 suka shiga majalisa. Masu suka suna cewa keɓe kujera alfarma ce, kuma a kan shigo da wadda danginta suka turo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai mu lura, tara daga cikin 27 ɗin nan ba ta kujerun da aka keɓe suka shigo ba. Kuwaiti ba ta keɓe ko ɗaya ba, kuma mun ji abin da ta girba.

Saura abu guda. Ran 10 ga Mayu, 2024, Sarki Mish'al Al-Ahmad ya rushe majalisar, ya kuma dakatar da wasu sassa na tsarin mulki har tsawon da bai wuce shekara huɗu ba. Ranar nan kujerar mace ɗaya da kujerun maza 49 suka tafi tare, domin wakilcin mata reshe ne na wakilcin jama'a baki ɗaya.

'Yan'uwa, mu ma nan Arewacin Nijeriya iyayenmu mata ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. Gobe waɗansunmu ne za su riƙe rajistar zaɓe, su rubuta dokokin jam'iyyu. In wannan rana ta zo, kada mu tsaya ga ƙirga matan da ke layin zaɓe, mu duba mu ga su wa ke zaune a ɗakin da ake tsayar da 'yan takara.